Filin Tambaya da Amsa: Ƙwan Fitilar Kejin Kunkuru da Damo a Hunturun Kaduna

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, wasiƙun da ke shigo wa wannan fili suka karkata wuri guda, wato fitilar da masu kiwon kunkuru da damo da hawainiya ke rataya wa dabbobinsu. Waɗannan halittu jikinsu ba ya samar da ɗumi da kansa kamar na akuya ko kaza, daga waje suke aronsa. Idan sanyi ya kama su sai su daina ci, abin da suka riga suka ci kuma ya zauna a ciki bai narke ba. A Disamba da Janairu kuwa, da asuba ma'aunin zafi a Kaduna yakan sauka zuwa digiri 15, wani lokaci har ƙasa da haka. Ga wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da 'ya'yan kunkuru biyu a akwatin katako a falo. Na ga ƙwan fitilarsu ya yi butu-butu da ƙura, sai na kashe shi na goge da jiƙaƙƙen tsumma. Nan take ya yi tas, ya tsage. Laifin ƙwan ne ko nawa? Kuma yaya ake goge shi?
Daga wata uwargida a Malali

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki yi haƙuri, wannan karon ƙwan ba shi da laifi. Kashe fitila daban, hucewarta daban. Gilashin ƙwan ɗumi mai wat 100 ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yakan daɗe a haka bayan an kashe. Da tsumma mai sanyi ya taɓa shi, wurin da ya taɓa sai ya tsuke farat ɗaya alhali sauran gilashin yana buɗe, shi ke nan sai tsaga. Abin da ke faruwa da kofin gilashi ke nan idan aka zuba masa shayi mai zafi da sanyin safiya, sai dai nan sanyi ne ya sami zafi.

Ga yadda za ki yi. Ki zare filogin daga bango gaba ɗaya, kada ki tsaya ga kashe makunni kawai, domin a gidaje da yawa mai wayarin ya ɗora makunnin a kan wayar da ba ita ke ɗauke da wuta ba, fitila ta mutu amma holdar tana nan da wutarta. Ki ba shi minti 30. Kafin ki kama, ki kara bayan hannunki kusa da shi. In kin ji ko ɗan ɗumi, ki ƙara jira. Ki ɗauke fitilar daga saman akwatin ki kai ta kan tebur, ki shimfiɗa tawul a ƙasa, don kada ƙurar ta zube cikin ruwan shan kunkuru, kuma ko ƙwan ya suɓuce ba a kansu zai faɗi ba.

Ki kama ƙwan da busasshen ƙyalle mai laushi ki warware shi a hankali. Tsohuwar shimi ta auduga da aka wanke ta isa. Ki fara kaɗe ƙurar a bushe. Ƙurar hunturu tana da yashi mai laushi a cikinta, in kika murza ta da ƙarfi tana kankare gilashi, kuma daga irin wannan kankarewar ce tsaga ke farawa daga baya. Idan akwai abin da ya manne, kamar kashin ƙuda ko fararen ɗigo-ɗigon da ruwan burtsatse ke bari in ya bushe, sai ki ɗiga sifirit irin na kemis, wanda ake goge wurin allura da shi, a kan auduga. A kan audugar za ki ɗiga, ba a kan ƙwan ba. Ki goge fuskar ƙwan, ki kauce wa wuyansa inda gilashi ya haɗu da ƙarfe, domin da wani irin siminti aka manne su, danshi kuwa yana sassauta shi. Sifirit yakan share rubutun da ke jikin ƙwai, saboda haka ki ɗauki hotonsa da waya tukuna, ranar sayen wani za ki neme shi. Ki bar shi ya sha iska minti 10 kafin ki mayar, don sifirit abokin wuta ne.

Mutane da yawa daga nan suke tsayawa, alhali rabin aikin yana cikin kwanon da ke rufe ƙwan. Cikinsa mai ƙyalli shi ke tattara zafi ya maido shi ƙasa. Ki shafa yatsa a ciki, za ki ga ya bar layi kamar wanda yara ke ja a gilashin motar da ta kwana a waje. Ki goge shi, ki buɗe ƙananan hujojin da ke samansa da tsinken sakace, domin ta nan zafin da ya yi yawa ke fita. Idan akwai raga tsakanin fitila da kunkuru, ita ma ki bi ta da tsohon buroshin haƙori.

Kada ki kusanto da kananzir ko fetur ko man goge gilashi mai ƙamshi. Haka nan maganin nan da ake ɗiga wa ruwan wanka ya koma fari: irinsa yana ɗauke da sinadaran da ke cutar da dabbobi masu rarrafe, kuma duk abin da ya rage a jikin ƙwai zai dahu ya zama tururin da za su kwana suna shaƙa. Wajen mayarwa ki riƙe da ƙyalle. Maiƙon yatsa yana ƙonewa a jikin gilashi, kuma ga ƙananan ƙwayayen halojin da ba su da gilashi na biyu a waje, wannan tabon shi ke kashe su. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a goge sau ɗaya a mako. Da damina sau biyu a wata ya wadatar, sai dai a lokacin tsatsa za ki riƙa dubawa a gindin ƙwan. In kin gama ki wanke hannu da sabulu, domin kejin kunkuru ba ya rabuwa da ƙwayar cutar salmonela, balle gidan da ke da ƙananan yara.

TAMBAYA: Ina kiwon damo. Cikin wata biyu ƙwai uku sun ƙone mini, kuma ba masu araha ba ne. Mai shago ya ce wutar unguwarmu ce, ni kuma ina zargin jabu yake sayar mini. Wa ke da gaskiya?
Daga wani magidanci a Rigasa

AMSA: Malam, kafin ka koma shago da faɗa, ɗauko gawarwakin ƙwayayen ka duba su a hasken rana. Mataccen ƙwai yakan faɗi abin da ya kashe shi.

Idan gilashin ya yi baƙi daga ciki kamar kunkunniya, siririyar wayar da ke ba da haske ce ta riƙa ƙonewa a hankali tana manne wa gilashi. Ga ƙwan da ya yi watanni, tsufa ne. Ga wanda bai rufa mako uku ba, wuta ce ta yi masa yawa. Idan ka ga wani farin hayaƙi mai ɗan ruwan ɗorawa ya lulluɓe cikin, iska ce ta shiga ta wata tsaga, sai ka tambayi kanka ko akwai mai fesa ruwa a keji fitila tana kunne. Idan gilashin yana nan garau amma wayar ta katse tana lilo, bugu ne ko girgiza. Idan kuma ɗan ƙarfen da ke can gindin ƙwan ya yi baƙi ya yi rami-rami, holdar ce ke tartsatsi, kuma ko ƙwai ɗari ka saka mata haka za ta cinye su.

Batun wuta, mai shagon bai yi ƙarya ba. Wutar Najeriya a ƙa'ida bolt 230 ce. Ƙwai mai waya a ciki ba ya jure ƙari: idan wutar ta haura da kashi 5 cikin 100 kacal, wato ta kai wajen 242, kwanansa yakan ragu da kusan rabi. Sannan lokacin da wayar take sanyi, wutar da take ja a daidai ƙiftawar kunnawa ta ninka ta kullum kusan sau goma. Shi ya sa ƙwai ya fi mutuwa a lokacin da aka kunna shi. To ka lissafa sau nawa ake ɗauke wuta a dawo da ita a yini, kowace dawowa duka ce a gare shi. Maganin shi ne ƙaramin stabilaiza, wanda ke da maɓallin jinkiri, ya bari wutar ta daidaita kafin ya sake ta. In za ka tayar da janareto, ka kashe fitilar damo, ka bari injin ya zauna minti biyu sannan ka kunna. Kafin ka kashe injin ma ka fara kashe ta. Ƙaramin janareto in mai ya kusa ƙarewa yakan riƙa ja yana saki, wannan ma yana cin ƙwai.

Ka kuma karanta lambar da ke kusa da harafin V a jikin kwali. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, kuma suna shigowa cikin kayan gwanjo da na oda ta intanet. Irin wannan in ka ɗaura shi a wutarmu, haske ɗaya zai yi ya mutu. Wanda aka rubuta wa 220 zuwa 240 za ka nema.

Holda kuwa dole ta zama ta tangaran. Ta roba, irin wadda ake rataye ƙwan ɗaki da ita, zafi yana gasa ta har ta yi ruwan ƙasa ta fara marmashewa. Yawancin ƙwayayen ɗumi masu murɗi ne, girman da ake rubuta wa E27, holdar gidajenmu kuwa da yawa masu fin ne. Kada ka haɗa su da ɗan adaftan roba, ka sa mai gyaran wuta ya ɗaura maka ta tangaran mai murɗi, wadda adadin wat ɗinta ya fi na ƙwan. A can tsakiyarta akwai wani ɗan harshen tagulla. Masu ɗaure ƙwai tamau kamar suna ɗaure notin taya su ke danne shi ya kwanta, daga nan sai haɗuwar ta yi sako-sako, tartsatsi ya fara. Zare filogi, ka ɗan ɗago harshen da ƙaramin sukundireba, kamar milimita biyu zuwa uku. In ya riga ya yi baƙi, sauya holdar ya fi. Wajen ɗaura ƙwai, da ka ji ya zauna ka tsaya.

Sai shi kansa damon. Ana ce masa sarkin haƙuri, amma bulalar wutsiyarsa ba ta san wannan kirarin ba. In fitilar a jikin keji take, duk motsinsa yana girgiza wayar da ta yi laushi don zafi. Ka rataye ta da sarƙa daga wani ƙarfe da ba ya haɗe da kejin, kuma kada ka matsar da ita tana kunne. Damo yana son wurin shan ɗumi mai zafi sosai, saman dutsen ya kai digiri 45 zuwa 55. Maimakon ƙwai ɗaya mai wat 150 da zai gasa masa wuri guda a gadon baya, ka jera biyu ko uku masu wat 50, ɗumin ya rufe tsawon jikinsa. Ko ɗaya ya mutu kana wurin aiki, sauran suna nan.

TAMBAYA: A shagon kayan kaji na ga jan ƙwan da ake ɗumama 'yan tsaki da shi, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Zan iya sa wa ƙaramar mesata ya kwana a kunne?
Daga wani ɗalibi a Unguwar Dosa

AMSA: Ɗana, ba mu ba ka shawara ba. Irin wannan ƙwan yakan kai wat 250, an yi shi ne don ɗakin 'yan tsaki masu yawa. A kejin da bai wuce mita ɗaya ba zai mayar da wurin tanda, kuma in ya faɗo kan dusar katako ko busasshiyar ciyawa, gobara ce. Maganar da ake yi cewa dabbobin nan ba sa ganin jan haske ita ma ba ta inganta ba, dare yana bukatar duhu. Wasu ƙwayayen kuma ana lulluɓe su da wata roba don kada su tarwatse in sun fashe, kuma tururin wannan robar an san yana kashe tsuntsaye. Kada ka gwada shi a kan maciji.

Abin da ya dace da dare shi ne ƙwan tangaran, wanda ke ba da zafi ba haske. Na wat 50 zuwa 75 ya ishi ƙaramin keji. Ka kewaye shi da ragar ƙarfe, domin mesa takan naɗe jikin abu mai ɗumi ta ƙone ba ta saki ba. Ka haɗa shi da na'urar daidaita zafi, wurin ɗumin ya tsaya tsakanin digiri 31 da 33, ɗaya ɓangaren kuma wajen 26. Ka kula, na'urar da ke kashewa tana kunnawa ta dace da tangaran amma tana kashe ƙwai mai haske da wuri. Shi ƙwai mai haske, na'ura mai rage ƙarfin wuta a hankali yake so. Tangaran ya fi gilashi daɗewa bai huce ba, kuma ba ya nuna alama. Ka ba shi awa guda, ka kaɗe shi da busasshen buroshi, ban da ruwa.

TAMBAYA: Doguwar fitilar UVB da na saya ta shekara ɗaya da wata biyu, har yanzu tana haske lafiya lau, ina kuma goge ta. Amma bayan ɗan kunkuruna ya fara laushi. Me ya faru?
Daga wata malamar makaranta a Barnawa

AMSA: Malama, hasken da kike gani ba shi ne aikin fitilar ba. UVB wani ɓangare ne na haske da idon mutum ba ya gani, shi ke sa fatar kunkuru ta haɗa bitamin D3, wanda sai da shi jiki ke iya ɗaukar kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da bayan kunkuru, daga abinci. Fitilar tana rasa wannan ƙarfin tun tana haske. Siririyar nan mai lamba T5 ana sauya ta duk wata 12, mai kauri T8 duk wata 6. Ranar da kika ɗaura sabuwa ki rubuta kwanan watan da maka a ƙarshenta. Gogewa tana da amfani, don ƙura tana tare UVB, amma ba ta maido da wanda ya ƙare. Ki duba kuma ko akwai gilashi ko roba tsakaninta da kunkurun. Gilashin taga ba ya barin UVB ya wuce, raga mai ƙananan ido ma tana cin kaso mai yawa.

Akwai ƙwai mai zaiba da ke haɗa zafi da UVB wuri guda. Ga mai zama a Kaduna ba ma sonsa. In wuta ta ɗauke sai ya huce minti 10 zuwa 15 kafin ya yarda ya sake kamawa, ba a haɗa shi da na'urar rage wuta, ga tsada.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda muke sayen rana a kwali. Waɗannan fitilun sun fi amfani ne ga masu kiwo a ƙasashen sanyi da ke yin watanni ba su ga rana sosai ba. Babban kunkurun nan mai ƙayoyi a cinya ɗan yankin Sahel ne, ya saba da rana irin tamu. Ki fitar da shi tsakar gida da hantsi, tsakanin ƙarfe 9 da 11, na minti 30 zuwa awa ɗaya, sau uku ko huɗu a mako, babu fitilar da za ta kamo wannan. Sharaɗin shi ne rabin wurin ya zama inuwa, da ruwa mara zurfi, da raga a sama saboda shaho da hankaka. Kada ki taɓa ajiye shi a rana cikin akwatin gilashi ko robar wanki, zafin da ke taruwa a ciki yana kashe ɗan kunkuru cikin mintuna. Tunda bayan ya riga ya yi laushi, ki kai shi wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba. Idan na kusa da ke bai saba da irinsu ba, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

TAMBAYA: In aka ɗauke wuta da dare, zan iya ɗora fitilar a kan inbata?
Daga wani Alhaji a Unguwar Rimi

AMSA: Ranka ya daɗe, za ka iya, amma a yi lissafi. Ƙwai mai wat 100 in ya yi awa 12 ya sha yunit 1.2. Batir mai bolt 12 da lamba 200Ah yana riƙe wajen yunit 2.4, kuma in irin mai ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata a taɓa. Ke nan fitila ɗaya za ta shanye rabon batir guda. Ya fi sauƙi a shigar da kejin ɗaki, a rufe samansa da bargo bayan an cire fitilar, a bar kafar iska, a sa gorar ruwan zafi da aka naɗe da tawul a kusurwa ɗaya. Ƙananan kunkuru kada darensu ya sauka ƙasa da digiri 25. Kaskon gawayi kuwa kada a shigar da shi, hayaƙinsa da ba a gani yana kashe dabba da mai ita.

TAMBAYA: Ƙwai ya fashe mini a cikin keji, gindinsa kuma ya maƙale a holda. Yaya zan yi? Sannan yaushe zan daina kunna fitila?
Daga wani matashi a Kawo

AMSA: Ɗan'uwa, zare filogi, ka fitar da dabbar. Shimfiɗar da ke ƙarƙashin fitilar ka kwashe ta duka ka zubar, da ruwan sha da ragowar abinci, don ba za ka iya tsince ɓarɓashin gilashi daga cikin ƙasa ba, kunkuru kuwa duk abin da ya gani ɗanɗanawa yake yi. In doguwar fitila ce ko mai zaiba, buɗe tagogi kowa ya fita na minti 15, saboda tururin zaibar da ke cikinsu guba ne. Kada ka sa tsintsiya. Kwashe da kwali mai kauri, ka bi sauran da salatif da jiƙaƙƙiyar takarda, ka rufe su a kwalba. Mai zaiba ko gilashin waje kawai ya tsage kada ka sake kunna shi, hasken da zai fito yana ƙona ido da fata. Gindin da ya maƙale, ka kama bakin ƙarfen da filaya mai dogon baki ka juya hagu.

Batun dainawa, ma'auni ne zai faɗa maka, ba kalanda ba. Ka auna saman dutsen shan ɗumi bayan fitila ta yi awa biyu a kunne. Ma'aunin nan mai kama da bindiga da aka riƙa kara mana a goshi lokacin korona yana yi, in yana da saitin auna jikin abu. A saitin goshi ba ya karanta abin da ya wuce zafin mutum sosai. Ga kunkuru ana son 35 zuwa 38 a ƙarƙashin fitila, kuma ka fara da tazarar santimita 30 daga bayansa, ka ɗaga ko ka sauke gwargwadon abin da ka karanta. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a Kaduna ke haura 35, ƙwan da ya yi daidai a Janairu zai yi yawa. Ka koma mai rabin ƙarfinsa, ko ka bar shi na safe kawai. Wanda ka cire ka goge shi, ka mayar da shi kwalinsa, ka ajiye a wuri busasshe inda ruwan Agusta ba zai sa gindinsa tsatsa ba.